Rumbun Mujallu na AJOL a Idon Mai Bincike daga Sakkwato

Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu a kan jar akuyar Sakkwato, ko shanun Gudali, ko noman rani a fadamun Rima, ba ya daɗewa yana nema a manyan rumbunan intanet na ƙasashen waje kafin ya gane cewa abin da suka tanada game da ƙasarsa kaɗan ne. Masanan da suka yi aiki a kan waɗannan abubuwa galibinsu 'yan gida ne, kuma a mujallun jami'o'in gida suka wallafa sakamakonsu. Wannan giɓi ne shafin African Journals Online, wanda aka fi sani da AJOL, yake ƙoƙarin cikewa.

Wata ƙungiyar Ingila mai suna INASP ce ta assasa shi a 1998, sannan a 2005 aka mayar da ragamarsa Afirka ta Kudu, inda yake gudana a matsayin hukumar da ba ta neman riba. A yau yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun ilimi daga sassan nahiyar, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawa a ciki. Abin da ya fi jan hankalin mai karatu a nan shi ne mujallun Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna cikinsa, kamar ta likitancin dabbobi, Sokoto Journal of Veterinary Sciences, da ta kimiyya, Nigerian Journal of Basic and Applied Sciences. A da, wanda yake son maƙala daga irin waɗannan mujallu sai ya bi ofisoshin malamai ko ya jira a gaban teburin ma'aikata a ɗakin karatu, a dubo masa kwafi idan akwai, ya kai a yi masa hoto. Yanzu yana iya sauke ta a wayarsa yana zaune a Mabera ko Runjin Sambo.

Shafin ba shi da ƙyale-ƙyale, kuma a wurinmu wannan alheri ne, domin yana buɗewa ko da sabis ya yi rauni, ba ya kuma cin data kamar shafukan da aka cika da hotuna. Taƙaitaccen bayanin kowace maƙala kyauta ne, haka ma cikakkun maƙalu masu yawa, sai dai wasu mujallu sun ɗora kuɗi a kan nasu, abin da kan sanyaya gwiwar ɗalibin da ya riga ya ƙwallafa rai.

Inda na fi yaba wa AJOL shi ne tsarin tantance mujallu da ya ɓullo da shi tare da INASP a 2017, wanda ake ba mujalla tauraro ɗaya zuwa uku gwargwadon yadda take bin ƙa'idojin wallafa, a kuma nuna wadda ba ta samu ko ɗaya ba da wadda ta daina fitowa. Muhimmancin wannan ya ƙaru tun da mujallun bogi suka yi yawa, masu karɓar kuɗi su buga duk abin da aka aiko ba tare da wani masani ya duba ba. Ya ƙara ƙaruwa da zuwan manhajojin basirar na'ura, waɗanda sukan ƙirƙiro sunan marubuci da shekara da lambar shafi na maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba. Malamin da ɗalibi ya kawo masa irin wannan madogara yana iya buɗe mujallar a AJOL, ya duba fitowar shekarar da aka ambata, nan take ya san gaskiya. Sai dai shi tauraro shaida ce a kan mujalla, ba a kan kowace maƙala da ke cikinta ba, kuma akwai ayyuka masu rauni ko a mujallun da suka yi suna.

Akwatin neman da ke shafin bai kai na Google Scholar, shafin Google na neman maƙalun ilimi, kaifi ba, don haka na fi ganin dacewar mutum ya fara nemansa a can, ya bi mahaɗin da zai dawo da shi AJOL. Babban rashin kuwa shi ne na harshe. Kusan komai da Ingilishi yake, sai kaɗan da Faransanci da wasu harsuna, alhali Sakkwato gari ne da tarihin iliminsa yake rubuce da Larabci da ajami, tun daga talifin Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u. Ɗalibin sashen Hausa ko na Larabci zai samu ɗan abin da zai taimaka masa, amma ƙafarsa ba za ta huta da zuwa Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ba. Laifin ba na AJOL ba ne shi kaɗai, tunda mujalla ce take neman shiga, kuma sai ta cika sharuɗɗan tantancewa da fitowa a kai a kai. Editocin mujallunmu na harshe da addini su ne ya kamata su nemi wannan gurbi.