Evangelion: Katun Ɗin Da Ba Na Yara Ba

Na kalli Neon Genesis Evangelion a Netflix, kashi 26 duka, na ɗora da fim ɗin The End of Evangelion na 1997. Abin da ya ja ni shi ne gardamar da ake yawan yi, cewa katun ɗin Japan mai ƙattin mutum-mutumi talla ce kawai ta kayan wasan yara. Masu faɗin haka suna da hujja. Kamfanonin kayan wasa ne suka daɗe suna ɗaukar nauyin irin waɗannan shirye-shirye. Gundam na farko ma, wani katun irin wannan na 1979, datse shi aka yi a kashi 43 saboda ƙarancin masu kallo, kuma cinikin 'yan mutum-mutumin roba da kamfanin kayan wasa na Bandai ya fara sayarwa a 1980 na cikin abin da ya farfaɗo da shi.

Amma abin da daraktan Evangelion, Hideaki Anno, ya yi a kamfanin Gainax, wanda TV Tokyo ta haska daga 1995 zuwa 1996, ya wuce talla. Jarumin labarin, Shinji, yaro ne ɗan shekara 14. Uban da ya yi watsi da shi tun yana ƙarami ya aika masa ya zo, ba don ya yi kewarsa ba, sai don yana buƙatar wanda zai tuƙa masa makami, wato ƙaton mutum-mutumin yaƙi da ake kira Eva. Duk raunin da aka yi wa mutum-mutumin, yaron ne ke jin zafinsa a jikinsa. Da aka karya wa Eva hannu, Shinji ne ya kurma ihu. Daga nan na daina jiran faɗa, na koma tsoron zuwansa.

Inda aikin ya fi kama ni shi ne inda babu motsi. A kashi na 22, 'yan mata biyu suna cikin lif kusan minti guda, ba mai cewa uffan, hoton a tsaye cak, amma ƙiyayyar da ke tsakaninsu ta cika wurin. A kashi na 24, ƙaton hannun Eva yana riƙe da Kaworu, mutum ɗaya tilo da ya fito fili ya ce wa Shinji yana ƙaunarsa, kiɗan Beethoven na tashi, hoton bai gusa ba, kai kuma ka san abin da yaron zai aikata. An ce ƙarancin lokaci da kuɗi sun matse masu zanen. Ko da haka ne, sanin inda za a tsayar da hoto gwaninta ce, kuma ita nake kira fasaha.

Yana da aibu. Kiran abokan gaba "mala'iku" da watsa alamomin Kiristanci da Yahudanci ado ne kawai, bai ƙara wa labarin nauyi ba, kuma zai sosa ran masu kallo da yawa. Yadda ake nuna jikin 'yan mata masu ƙananan shekaru ya dame ni ƙwarai, ban ga uzurinsa ba. Kashi biyun ƙarshe sun koma zane-zanen fensir da tambayoyi cikin kan Shinji; ni sun gamsar da ni, wasu kuwa za su ji an yaudare su.

Babba mai haƙuri ya kalla, kuma ya zaɓi muryoyin Japananci da rubutun fassara a ƙasa. Kada a miƙa wa yara wayar don an ga katun ne, musamman fim ɗin na 1997.