Iri ko Dashe? Sharhina kan Jan Furen Silene regia a Ohayo

Duk wanda ke zaune a tsakiyar ƙasar Amurka, yana da ɗan fili a bayan gida, kuma hoton jan furen nan da ake kira royal catchfly ya ɗauke masa hankali a shafukan masu sayar da tsirrai, shawarata ita ce ya sayi dashe. Fakitin iri kuwa sai mai haƙurin gaske. Na gwada duka biyun daga wajen wani kamfanin renon tsirran asalin ƙasar nan da ke aiko da kaya ta gidan waya, na kuma zauna da su shekaru a gidana da ke gefen birnin Kolombos a jihar Ohayo. Shukar ta ci kuɗinta. Bayanin da suka liƙa mata ne yake da gyara.

Masana suna kiranta Silene regia, kuma wani masanin tsirrai, John Sims, ne ya fara bayyana ta a rubuce a Landan a 1815. 'Yar asalin filayen doguwar ciyawa ce na Mizuri, Ilinoi, Indiyana, Ohayo da wasu jihohin da ke kudu da su. Ba shukar shekara ɗaya ba ce. Sanyi yana kashe karanta, saiwar ta kwanta a ƙasa, sai wajen Afrilu ta sake tohowa. Tsayinta yakan kai santimita 60 zuwa 120, ganyenta bibbiyu suna fuskantar juna a jikin kara, furen kuma kunnuwa biyar ne sirara, jawur, daga Yuli zuwa Agusta. Jan nan ba ƙarya. Waya ba ta iya ɗaukarsa yadda yake, in ka ɗauki hoto sai ya fito dishi-dishi.

Irin ya zo cikin 'yar ambulan, ƙwayoyi ƙanana masu duhu da ba su wuce milimita biyu ba. Ba ya tsira sai ya sha sanyi da danshi na kusan kwana 60, kuma kamfanin ya rubuta haka, sai dai da ƙananan haruffa a bayan ambulan ɗin, inda mai ɗokin shuka ba zai duba ba. Hanya biyu ce. Ko a cuɗa shi da yashi mai laima a ƙulle a leda a sa a firij, ba firiza ba, ko kuma a shuka shi a tukwane a ajiye waje a Nuwamba ko Disamba, dusar ƙanƙara ta yi aikinta. Ni firij na bi. Ranar da uwargida ta ci karo da ƙullin a bayan robar tattasai, sai ta ɗago shi da yatsu biyu ta ce, "Maigida, wannan kuma maganin mene ne?" Dole na rubuta masa suna da manyan baƙaƙe, in ba haka ba da tuni ya tafi kwandon shara.

Da lokaci ya yi na yayyafa shi a saman ƙasa, na danna da tafin hannu, domin ba a binne shi da zurfi. Waɗanda suka fito ba su kai rabi ba. Su ma shekarar farko ba abin kallo, 'yan ganyayyaki ne kawai da baƙo zai ɗauka ciyawa ce ya tuge. Aikinsu duk a ƙarƙashin ƙasa yake, suna tura doguwar saiwa. A shekara ta biyu wasu suka ba da kara ɗaya ko biyu da furanni ƙalilan, sai a ta uku suka zama abin da ke cikin hoton talla.

Ƙarancin tsirowar nan ya sa na yi ɗan bincike, na kuma tarar ba sabon abu ba ne. Wani masani mai suna Eric Menges ya wallafa bincike a 1991 a kan wannan shuka takamaimai, inda ya nuna cewa irin da aka tattaro daga wuraren da shukar ta haura guda 150 ya fi tsira sosai a kan wanda aka samo daga 'yan tsirarun da suka rage nan da can. To ashe asalin irin ma magana ce. Na rubuta wa kamfanin ina tambayar daga ina nasu ya fito, amsar da na samu ta ladabi ce ƙwarai amma ba ta ce komai ba. A nan sun rasa maki a wurina, domin wanda ya ce sana'arsa tsirran asali ce, ai ya kamata ya san daga wane yanki irinsa ya taso.

Dashen kuwa labarinsa daban. Ya iso a watan Mayu cikin kwali, kowace shuka a doguwar 'yar roba mai zurfi saboda saiwar, an tokare su da takarda don kada su kife. Kuɗin shuka ɗaya ya fi na fakitin iri sukutum, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Kwalin ya yi kwanan hanya a ƙarshen mako, wasu suka iso a yanƙwane, na aika musu hoto suka maye gurbinsu ba tare da ja-in-ja ba. Wannan kam sun kyauta. Wasu sun yi ɗan fure a shekarar da na dasa su, a ta biyu kuma suka cika wurin. Idan ka lissafa shekarar da iri yake cinye maka, da waɗanda ba su tsira ba, da wurin da ka tare a firij, tsadar dashen ta zama araha.

Inda na fi jin haushinsu shi ne batun ƙasa. Takardar da ta zo da kayan cewa ta yi shukar mai sauƙin hali ce, tana zama a kusan kowace ƙasa. Ba haka ba ne, aƙalla a nan. Ƙasar tsakiyar Ohayo yumɓu ce mai nauyi, kuma sababbin unguwanni sun fi muni, tunda motocin gini sun daddanne ta kafin a shimfiɗa ciyawa a kai. Na raba dashen gida biyu. Kashi ɗaya a gefen katanga inda ruwan indararo yake taruwa, ɗayan a wani ɗan tudu da na cuɗa wa tsakuwa ƙanana da ɗan ruɓaɓɓen ganye. Duk lokacin zafi ba ka bambanta su. Bayan hunturu ne gaskiya ta fito: na gefen katanga ba su tashi ba. Na tona ɗaya, saiwar da ya kamata ta kasance fara mai tauri ta zama baƙa, laushi tiɓis, tana warin ruɓa. Sanyi ba ya kashe ta, domin ta saba da wanda ya fi na Kolombos. Kwanciyar ruwa a gindinta lokacin da take barci ita ce ajalinta. Na kan tudu kuwa ko ɗaya bai mutu ba, kuma kowace shekara karansu ƙaruwa yake yi.

Taki ma ba ta so da yawa. Wadda ta samu ƙasa mai maiƙo takan yi tsawo ta yi laushi, iskar hadarin Yuli ta kwantar da ita. Maƙwabciyata, wata dattijuwa da ta daɗe tana wannan harka, ita ta ce in bar ɗaure su da sanda, in dasa musu ciyawar little bluestem a tsakani su jingina. Haka suke rayuwa a daji, kuma ya yi aiki. Rana kuma cikakkiya take so, awa shida ko fiye. Ban ruwa sai a shekarar farko, bayan nan ko an yi ɗan fari ba ta damuwa. Tazarar santimita 30 zuwa 45 ta isa. Abu ɗaya: zaɓi wurin da kyau tun farko, domin mai doguwar saiwa ba ta son a tashe ta.

Zomaye da barewa suna son sabon tohonta, kuma takardar ba ta ambaci wannan ba ko da kalma ɗaya. Ragar waya ƙarama a watan Afrilu da Mayu ta wadatar wa zomo. Barewa kam sai addu'a.

In ka taɓa ɗan koren bututun da ke riƙe da furen za ka ji danƙo a yatsa. Gashi ne ƙanana masu fitar da ruwa mai manne abu, kuma in ka matso da ido za ka ga 'yan ƙwari a maƙale, wasu sun bushe, wani yana ta jan ƙafa. Yarana sun ɗauka cin su take yi. Ba ta rayuwa da su, katanga ce kawai ga masu rarrafowa su saci ruwan furen ba tare da sun kai mata garin barbara ko'ina ba. Wanda take jira daban ne.

Shi ne kuma ainihin abin da ka saya, ko da kamfanin bai sa shi a kwali ba: ɗan tsuntsun nan hamingbad mai jan maƙogwaro. Wanda ya san sha-kauci a gida zai gane irin rayuwarsa, sai dai wannan ya fi ƙanƙanta, nauyinsa giram uku ne ko ɗoriya kaɗan, kuma yana tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike kusan sau 50 a daƙiƙa. Shi kaɗai ne irinsa da ke yin sheƙa a gabashin Amurka, yana zuwa Ohayo wajen ƙarshen Afrilu ko Mayu, ya koma Meziko da Amurka ta Tsakiya idan Satumba ta yi nisa. Bututun furen ya yi wa yawancin ƙudan zuma zurfi, shi kuwa dogon bakinsa daidai. Da sassafe yakan zo, ya bi furannin ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama, in wani ɗan'uwansa ya kusanto ya kore shi da masifar da ta fi ƙarfin jikinsa. Abin da na lura shi ne shuka ɗaya tilo ba ta tsayar da shi. Sai da suka zama gungu ya mai da gidan wurin zuwansa kullum, sannan ne ma kwansunan iri suka fara cika. Don haka kada ka sayi ɗaya don gwaji. Ka fara da biyar ko fiye, ka dasa su kusa da juna.

Mai son ganin yadda take a inda ba wanda ya dasa ta, ya je maƙabartar Bigelow a gundumar Madison, yamma da Kolombos, a ƙarshen Yuli. Rabin eka ce kacal, gonakin masara da waken suya sun kewaye ta, kuma ta tsira ne domin garma ba ta taɓa shiga tsakanin kaburburan Turawan farko da suka zauna yankin ba. Jihar ta mai da ita keɓaɓɓen wuri a 1978. Ba a tsinka, ba a ɗibar iri, ba a tono. Na faɗi wannan ne domin shukar ta yi ƙaranci a daji, har Ilinoi ta sa ta cikin jerin masu fuskantar ƙarewa. In ka ga wani yana tallar manyan saiwoyi da arha a intanet ba tare da ya ce a gonarsa ya rene su ba, ka wuce.

Wanda gidansa inuwa ce ya duba 'yar'uwarta Silene virginica, wadda ta fi gajarta, take fure a Mayu da Yuni, kuma ta fi jure gefen itatuwa, ko da yake ba ta daɗewa kamar wannan. Mai zaman haya da zai tashi baɗi kuma ya adana kuɗinsa, domin mai gida na gaba ne zai ci moriyar.

Tun da nawa suka kafu ban sake sayen iri ba. A ƙarshen Agusta zuwa Satumba kwanson yakan bushe ya buɗe baki ta sama, sai in karkata shi cikin ambulan in girgiza. Kwana kaɗan ka makara iska ta riga ka. Yanzu a tukwane nake shuka shi a Nuwamba, in rufe da raga saboda kurege, in jera a bayan gareji har Afrilu.