Diverge ko separate: wacce ce ta dace da rabuwar hanya?

Wani ɗan'uwa daga Jega mai shirin rubuta WAEC ya kawo tambaya. An ba shi jimlar cike gurbi, "The two roads ___ at the junction", zaɓin kuwa akwai diverge da separate da disperse. Ya duba ƙamus ya ga duk an fassara su da rabuwa, shi ne yake son sanin wacce zai ɗauka.

Ɗan'uwa, diverge za ka ɗauka, kuma dalilin yana nan a garinku. Titin da ya taso daga Sakkwato ta Tambuwal, in ya iso Jega sai ya rabu: reshe ɗaya ya bi ta Kalgo zuwa Birnin Kebbi, ɗaya ya yi kudu zuwa Koko da Yauri. Motoci biyu da suka tashi daga mararrabar, kowace ta kama nata reshen, da farko direbobin na iya hango juna, bayan kilomita goma sun yi nisa, bayan hamsin sun ƙara. To wannan ce diverge: tushe ɗaya, fuska biyu, kuma tazarar tana ƙaruwa da tafiya. Asalin kalmar Latin ne, daga dis mai nufin rarrabewa da vergere mai nufin karkata. Ana furta ta "daivaaj", nauyin murya a gaɓa ta biyu. Kishiyarta converge, kamar yadda Gulbin Zamfara ke haɗuwa da Gulbin Sakkwato.

Separate ba ruwanta da kusurwa ko ƙaruwar tazara. Abin da take nufi kawai shi ne abubuwan da ke haɗe ba su haɗe kuma. Mace ta sheƙe shinkafa ta fitar da ƙaiƙayi: "She separated the rice from the chaff." Yara na dambe aka shiga tsakani: "He separated the boys." Bature zai iya cewa "the roads separate" a fahimce shi, ba laifi ba ne, sai dai in an ajiye diverge kusa da ita a jarrabawa, diverge ɗin ce mai tambayar ke nema, domin ta fi kama da siffar hanya.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne nahawu. Separate tana karɓar abin da aka yi wa aiki, wato kana iya raba wani abu da hannunka. Diverge kuwa, a Turancin yau da kullum, ba ta karɓa. Hanyoyi su ke rabuwa da kansu, ra'ayoyi su ke saɓawa da kansu, ba mai "diverge" ɗin su. Don haka "The police diverged the traffic" kuskure ne tsantsa. Mai wannan jimla divert yake nufi, karkatar da abu daga hanyarsa, kamar a juya motoci saboda gyaran gada ko a juya ruwan fadama zuwa wata gona. Kamannin haruffa ne ke jawo ruɗanin. In kana son ambaton abin da aka kauce wa, sai ka sa from: "His account diverged from hers", wato labarinsu ya faro iri ɗaya, can gaba nasa ya saɓa da nata. Ba a sa with a nan.

Disperse kuwa ta taro ce, watsewa. An tashi daga bikin kamun kifi na Argungu, kowa ya kama gabansa: "The crowd dispersed." Hanya biyu ba ta watsewa, saboda haka tun farko ka soke ta.

Akwai wuraren da Hausa ke cewa rabuwa amma diverge ba ta shiga ko kaɗan. Miji da mata in sun daina zama tare ba a yi saki ba, separated ake cewa. In an yi saki, divorced. Aminai da zumuncinsu ya yi sanyi a hankali ba tare da faɗa ba, drifted apart. Haka ma jiha: an fitar da Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, Zamfara a 1996, kuma jaridu carved out of suke rubutawa, tunda hukuma ce ta yanka.

Tunda jarrabawa ce a gabanka, za ka sake cin karo da diverge a Fiziks. Diverging lens shi ne gilashin da tsakiyarsa ta fi gefensa siranta, yana buɗe hasken da ya ratsa shi, irin wanda ake sa wa tabaran mai ganin kusa amma ba ya ganin nesa sosai. Sunan aikin divergence, siffa divergent, kamar "divergent views".

Sai ka kula da rubutun separate: bayan p harafin a ne, ba e ba, "seperate" na cin maki a insha'i. Furucinta ma iri biyu ne. In aikatau ce gaɓa uku, "sepa-reit". In siffa ce, kamar a "separate rooms", sai ta taƙaita zuwa "seprat".