Wata biyu da tsohuwar Pentax K1000 ta Kawu

Kyamarar nan ta daɗe a akwatin Kawu tun da ya bar sana'ar hoto. Ranar da ya miƙa mini ita cewa ya yi, "Ɗana, wannan ba waya ba ce, natsuwa take so." An fara ƙera irinta a Japan a 1976, ƙarfe ce zalla, tana da nauyi a wuya.

Abin da ya fara ɗaure mini kai batir ne. Na buɗe murfinsa a gindin kyamarar da tsohuwar kwandala, na tarar da na ciki ya mutu. Ashe ko babu shi tana ɗauka sarai, domin aikinta na inji ne. Batirin allurar auna haske kawai yake motsawa, wadda ake gani a gefen dama idan an leƙa. Ƙarami ne, LR44, wurin mai gyaran agogo na samo shi a kasuwa.

A nan aibinta yake: ba ta da makunni. Murfin idonta shi ne makashinta, in ka bar ta a buɗe cikin haske, batir na ci. Sati biyu na manta ta haka a kan tebur, na je Hasumiyar Gobarau da yamma allura ta ƙi motsi. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai. Daga baya Kawu ya nuna mini gwajinsa: ka sa ASA, wato lambar da ke nuna yadda fim ke karɓar haske, a 100, ka juya gwadon saurin ƙiftawa zuwa harafin B, in allura ta haura sama ta tsaya, batir na da rai.

Sauran abubuwan ba su da wuya. Gwadon saurin ƙiftawa na sama, daga daƙiƙa 1 zuwa 1/1000. In ka ɗaga bakinsa ka juya, sai ka saita ASA ɗin fim. Zoben buɗe ido na jikin gilashin. Kana murzawa har allura ta zo tsakiya.

Ran nan a Gobarau ban dawo hannu rabbana ba. Rana na da ƙarfi, fim ɗina ASA 200 ne, na sa zoben buɗe ido a 16, gwadon sauri a 1/250 yadda Kawu ya koya mini. Cikin hotuna 36 na fim ɗin, ukun da na ɗauka a wurin suka fi kyau, har tsagar jar ƙasar bangon ta fito. Mai wanke fim ne dai na sha wuya kafin na samu.