Tuwon masara: garin kasuwa ko masarar da kika gyara da kanki?

Ƴar uwa da kika tambaya tsakanin niƙaƙƙen gari da tsabar masara, sayi tsaba. Ranar Alhamis ki shiga kasuwar Dole ta Damagaram ki auno farar masara tiya huɗu ko biyar, ba za ki yi da-na-sani ba.

Ki fara kai ta surfe. Surfen ne ke fitar da dusa da idon masara, kuma idon nan shi ke ɗauke da mai, shi ke sa gari ya yi warin ajiya cikin ƴan kwanaki, balle a zafin Damagaram. Tiya huɗu takan dawo kamar uku, kada ki ce mai inji ya cuce ki, sauran na cikin dusa, ki karɓo wa awaki. Ki sheƙe, ki wanke sau uku har ruwan ya washe, sannan ki jiƙa. Da hunturu ta kwana a ruwa, da bazara kuwa awa shida ta isa, in ta wuce haka sai ta ɗauko tsami. Ki tsame, ki shanya a tabarma mai tsabta har ta bushe.

Wurin niƙa ki lura da wanda ke gabanki. In hatsi ko jar dawa aka zuba, bari wata mai masara ta riga ki, don kada garinki ya yi duhu. Yana fitowa da zafi, to kada ki ƙulle bakin buhu, baza shi ya sha iska kafin ki tankaɗe. Tsakin ki aje na fate.

Irin wannan gari ne ke ba da tuwon nan fari sol, mai santsi, da kan kwana a kula ya wayi gari lafiya lau don ɗumame. Gari kwano ɗaya, ruwa kamar kwano uku. In ruwa ya tafasa, ki dama kashi ɗaya cikin uku na garin da ruwan sanyi ki yi talge, ki rufe rabi ki bar shi minti ashirin. A nan mata da yawa ke faɗuwa, don sun saba da hatsi mai saurin nuna. Masara ba ta son gaggawa: talgen da bai nuna ba shi ke sa tuwo warin ɗanyen gari, ya kuma saki ruwa kafin safe. Sai ki riƙa barbaɗa sauran garin kaɗan-kaɗan kina tuƙawa da muciya, kina murje gudaji a jikin tukunya. Ki rage wuta, ki yayyafa ruwa, ya sulala minti goma, ki sake tuƙawa ki kwashe da mara. In kina son danƙo, cokali biyu na garin rogo a tuƙin ƙarshe sun wadatar. Da miyar kuka mai daddawa ko busasshiyar kuɓewa da ɗan man shanu, magana ta ƙare.

Garin kasuwa kuwa, to, yana fid da mutum kunya ranar da baƙi suka faɗo da yamma. Iyakarsa ke nan.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa. Akwai masu haɗa sabon gari da tsoho wanda ƙwari suka ci, a tankaɗe a ce na yau ne, wasu kuma su cika shi da garin rogo don ya yi haske. In dole ta sa, ki shinshina, ki ɗanɗana: mai ɗaci ko wari ki bar musu. Ita ma tsabar ba a saye da ido kawai. Ki tura hannu can cikin buhu, don mai kyau ake ɗorawa a sama. In hannunki ya fito da gari-gari, ƙwaro ya riga ki. Mai hunhuna kore ko baƙi kada ki karɓa ko da kyauta, gubarta na lalata hanta kuma dahuwa ba ta kashe ta. Ki ciza ƙwaya ɗaya, busasshiya takan ce ƙas. Ki kuma juya tiyar mai awo ki duba gindinta, ko ki je da taki.