Rumbu ɗaya ko kowane sashe da nasa? Amsa kan ajiye taswirar tsarin kamfani

Assalamu alaikum, Injiniya. Na ga tambayarka: hedikwatarku tana nan Sakkwato, kuna da ofisoshi a Illela da Tambuwal, kun fara zana taswirar tsarin kamfanin da ArchiMate, wato harshen zane da ake nuna tsarin kamfani da shi, kuma kana son sanin ko a tara komai a rumbu ɗaya ko kowane sashe ya riƙe nasa.

Kowa da rumbunsa ya fi daɗin farawa. Ba mai jiran izinin wani. Masu lissafin kuɗi su zana nasu, mutanen sito su zana nasu, wanda ya yi ɓarna kansa kaɗai ya yi wa. Sai tafiya ta yi nisa abin yake fitowa. Manhajar biyan albashi guda ɗaya za ka tarar da ita a wuri huɗu, kowa da sunan da ya raɗa mata. Ranar da manaja ya ce, "In muka sauya wannan sabar (babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajoji), wane aiki ne zai tsaya?" kowa sai ya yi tsit. Alhali saboda irin wannan tambaya aka yi ArchiMate: ya ɗaure harkar kasuwanci da manhajoji, ya ɗaure manhajoji da na'urorin da ke ɗauke da su. In igiyar ta tsinke a ƙofar kowane sashe, hotuna kawai kuka tara.

A rumbu ɗaya kuwa, abu sau ɗaya ake ƙirƙirarsa, sai ya bayyana a zane goma. Ka gyara sunansa a wuri ɗaya, ya gyaru ko'ina. Hatsarinsa ma nan yake. Cire abu daga zane daban, goge shi daga taswirar gaba ɗaya daban, kuma sabon hannu yakan rikita biyun, ya shafe abin da wasu suka jingina aikinsu a kai. Don haka wannan hanya ba ta tafiya sai da mai riƙe da makulli.

Ni dai rumbu ɗaya zan ce ku yi. Abin da ya saura shi ne kayan aiki, kuma nan yanayinmu yake shigowa. Enterprise Architect, kayan zanen taswira na kamfanin Sparx Systems da ke Ostareliya, yana iya zama kan ma'ajiyar bayanai irin MySQL ko SQL Server, kowa yana aiki kan abu ɗaya a lokaci ɗaya, ana kuma iya kulle kowane ɓangare. Amma lasisinsa na kuɗi ne, kuma dole kana haɗe da sabar. In intanet ta yi rauni, mutumin Illela zai sha jira. Archi, wani kayan zanen ArchiMate, kyauta ne, in ka ƙara masa coArchi, ƙarin da ke ba da damar aiki tare, yana aiki da Git, manhajar adana canje-canjen fayil: kowa da kwafinsa a kwamfutarsa, ya yi aikinsa ko babu intanet, ya tura in ta samu. Rauninsa, ba ya kulle folda, kuma in mutum biyu suka taɓa abu ɗaya sai an zauna an raba gardama. In ba ku da yawa, da shi zan fara.

Tsarin ciki kuma, ku ware folda ta kayan kowa da kowa: manhajoji, sabobi, sassan kamfani. Mutum biyu kaɗai su riƙa ƙara abu a cikinta. Zanuka ku raba su gida biyu yadda TOGAF, ƙa'idar tsara tsarin kamfani, ya tanada, halin da kuke ciki yanzu da inda kuka dosa. Kowane sabon aiki ya samu foldarsa ta gwaji, sai an amince a shigar da shi cikin na kowa. Kafin ku zana komai, ku zauna ku rubuta jerin manhajojinku, kowacce da suna ɗaya da sunan mai kula da ita, sannan ka turo mana mu duba tare.