Fatin zagayowar ranar haihuwa a gida ko a fita da su waje? Amsa ga mai 'yar shekara 11

'Yar'uwa, Allah ya raya miki ita, ya yi wa rayuwarta albarka. Tambayarki kamar yadda na fahimce ta: 'yarki za ta cika shekara 11 nan da mako uku, kuɗin da kika ware ba su taka kara sun karya ba, kuma kin rasa na ɗauka tsakanin ki haɗa mata fati a gida ko ki kwashe ta da ƙawayenta zuwa silima, wurin wasanni ko wurin ninkaya. Kin kuma ce kina tsoron kada ta ga kamar an yi mata irin na ƙananan yara.

Ni dai gida na fi karkata, amma da sharaɗi. Sharaɗin kuwa shi ne yawan waɗanda za a gayyata, domin abin da ke cinye kuɗin irin wannan biki kawuna ne, wurin da aka yi shi yana biyo baya.

Mu fara da waje. A can kusan komai da kai ake lissafa shi: tikitin shiga, abinci, abin sha, har kuɗin mota. Idan kin tsara yara 6 suka koma 15, kuɗinki ya ninka biyu da rabi ke nan, ba ragi. Wurare da yawa kuma suna da mafi ƙarancin adadin da suke karɓa, wato ko yara 7 ne suka zo, za ki biya na 10 in haka dokarsu ta ce. Ga kuɗin kafin alƙalami da ba kasafai ake mayarwa ba idan aka fasa. Ga dokar hana shigowa da abinci daga waje, wasu ma sai sun caje ki kafin su bar ki ki shigo da kek ɗinki. A silima kuwa, tikitin ba shi ne matsalar ba, gugguru da lemon da ake sayarwa a bakin ƙofa su ne ke ƙwaƙule jaka, kuma ba yadda za a yi ki saya wa biyu ki bar huɗu suna kallo. Don haka kafin ki biya ko sisi, ki sa su faɗa miki jimillar kuɗin gaba ɗaya, da abin da ke ciki da abin da ba ya ciki, a rubuce.

A gida lissafin ya sha bamban. Yawancin abin da za ki kashe sau ɗaya ne, ko yara 5 ne ko 9: kek ɗaya, adon bango ɗaya, kayan wasa ɗaya. Farantin gasa kek mai faɗin santimita 23 da tsawon 33 yana ba da yanka 15 masu kyau. Kwaɓin da zai cika shi, idan aka zuba a ƙananan kofunan takarda, yana ba da kusan guda 24. Rabin kofi na masarar gugguru yana tashi ya zama kusan kofi 15. Kin ga ƙarin yarinya ɗaya ko biyu ba ya girgiza aljihu.

Sai dai gida ma yana da inda yake yoyo, kuma wurare biyu ne. Na farko sayen ɗan wannan da ɗan wancan: farantin takarda mai hoto, kofi mai kala iri ɗaya da shi, tutoci, huluna, ƙyalƙyali. Kowanne in kin ɗauka sai ki ga ai ba wani kuɗi ba ne, ranar da kika haɗa lissafi sai ki tarar sun kai kuɗin tikiti. Yarinya mai shekara 11 ba ta kallon faranti. Ki ƙawata bango ɗaya tak, wanda za a tsaya a gabansa a yi hoto, sauran ɗakin ki bar shi yadda yake. Balan-balan ma kada ki biya kuɗin iskar hiliyom, wato iskar da ke sa su tashi sama. Na roba da aka cika da ita yakan sauko ƙasa kafin kwana ɗaya, wanda aka hura da iska kawai kuwa yana yin kwanaki, sai a manna shi a bango da salatif. Yoyo na biyu shi ne mutane. Ƙofar gida a buɗe take, wannan za ta zo da ƙanwarta, waccan uwarta za ta zauna, 'ya'yan 'yan'uwa su ji labari. A nan waje ya fi gida, domin tikiti da kansa mai gadi ne, kina da abin fakewa: "wallahi na mutum shida kawai na biya." A gida ke ce mai gadin, kuma sai kin iya cewa a'a da fara'a.

Yanzu ga batun da ya fi damunki, wato kada ya zama na yara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙirga shekarun tasowa daga 10 zuwa 19, don haka 'yarki ta riga ta sa ƙafa a ciki. A wannan shekarun abu biyu ne ke gabanta: ƙawayenta na kusa, da jin cewa an saurari ra'ayinta. Ba ta son a tara su a da'ira ana ce musu su tafa, amma in aka bar su ba abin yi, sai kowa ta yi tsuru-tsuru.

Waje ya ɗauke miki wannan tunanin, nishaɗin a shirye yake. Amma ba duk waje ne ɗaya ba. Silima ita ce ta fi rauni a wurina: awa ɗaya da rabi zuwa biyu a cikin duhu, ba mai magana da wata, mai bikin ma ta zama ɗaya daga cikin masu zama a layi. Wurin tsalle-tsalle ko na gudu da takalmin taya ya fi, domin tare suke wasa, suna faɗuwa suna yi wa juna dariya. Matsalarsa, kusan ko yaushe akwai guda ɗaya da ba ta iya ba ko take jin kunya, sai ta ƙare a kan benci tana tsaron jakunkuna. Kuma lokacinku a ƙayyade yake, galibi awa biyu ko ƙasa da haka, ana cikin yanka kek ma'aikaci ya fara tattara faranti saboda wasu na jira.

A gida haɗarin yana cikin minti 20 na farko, lokacin da biyu sun zo, huɗu ba su iso ba. Maganinsa shi ne kowacce ta shigo ta tarar da aikin hannu yana jiranta a kan tebur. Wanda na fi so shi ne haɗa awarwaro. Ki sayi duwatsun ado masu kaloli da masu haruffa, da zaren roba mai miƙewa, ki yanka shi kamar santimita 25 kowanne don a sami na ƙullawa, ki manna bakinsa ɗaya a tebur da salatif don kada duwatsun su zube. Ki zuba duwatsun a ƙananan kwanuka a tsakiya. Za ki ga yadda shiru ke mutuwa da kansa: wannan tana neman harafin A, waccan ta ɓoye shuɗayen duka a gabanta, wata ta ce ita na ƙawarta za ta yi ba nata ba. Wadda ba ta san kowa ba ma ta sami abin da za ta kalla ba tare da ta takura ba. A ƙarshe kowacce ta tafi da abinta a hannu, kin huta da sayen tsarabar da za a raba.

Haka ƙananan kek ɗin nan. Ki gasa su tun ana gobe bikin, ki bar su ba ado. Ki haɗa kirim da bota da sukari mai laushi, ki raba kala uku, ki zuba a ledoji ki yanke ɗan bakin kowace, su yi adon da kansu. Za su ɓata tebur, wasu kek ɗin za su fito abin dariya, kuma a nan daɗin yake. Idan kina son wasa mai motsi, a ɓoye wata 'yar kyauta a cikin gida a rubuta kacici-kacici shida ko bakwai, kowanne yana kai su ga na gaba. In tana da yaya ko ɗan'uwa babba, shi za a ba aikin rubutawa, sun fi mu sanin abin da ke ba su dariya. Kada ki cika jadawalin. Abu biyu sun isa, sai kek, sai ki bar musu minti 40 na ƙarshe su kunna waƙoƙin da ita ta zaɓa su yi hirarsu. Ke kuma ki koma inda kunnenki ke jiyo su amma idonki ba ya kansu. Uwa da ke tsaye a tsakiyar ɗaki tana ba da umarni ita ce ke mayar da fati na yara, ba kayan ado ba.

Ta fuskar wahala ba sai an ja magana ba, waje ya yi nasara. Ba shara, ba wanke-wanke, ba kirim a jikin labule. A gida za ki yi aikin kwana biyu, kafin da bayan. In kina aiki har yamma kuma ba mai taimaka miki, ki sa wannan a ma'auni da gaske, gajiyarki ma kuɗi ce.

Tsaro kuwa kowanne da irin nasa. A waje akwai cunkoso da baƙin fuska, don haka ni ba zan fita da fiye da yara huɗu ko biyar ni kaɗai ba, sai da wani babba, kuma shi ma ana iya cajinsa kuɗin shiga. Wurin ninkaya na fi ɗari-ɗari da shi. Nutsewa a ruwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe yara 'yan shekara 5 zuwa 14 a duniya, kuma yakan faru shiru, ba ihu ba fantsama. Dole ki tambayi kowace uwa ko 'yarta ta iya ruwa, kada ki dogara da abin da yarinyar ta faɗa a gaban ƙawayenta. Ga kuma wani abu da manya ke mantawa: a wannan shekarun jikin wasu ya fara sauyawa, wata za ta gwammace ta ƙi zuwa da ta sa kayan wanka a gaban mutane. A gida babban abin lura shi ne abinci. Gyaɗa, madara, ƙwai da alkama suna cikin abubuwan da suka fi tayar wa yara aleji, wato ciwon da ke tasowa in jiki ya ƙi wani abinci, kuma uku daga cikinsu suna cikin kek. Tambaya ɗaya a saƙon gayyata ta wadatar. Batun waya kuma ya shafi duka biyun: Facebook, Instagram da TikTok duk shekara 13 suka sa a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, don haka baƙinki ba su kai ba. Ki ɗauki hotunan da wayarki, ki tura wa iyayen kai tsaye, kada ki ɗora hoton 'yar wani a intanet ba da izini ba.

Ba ki ambaci kwanan ƙawaye ba, amma ki shirya, mai yiwuwa ita ta ambata. Yana kama da mai araha, alhali abinci sau biyu ne, ga iyaye da yawa ba sa barin 'ya'yansu kwana a wani gida, sai a bar guda ɗaya a baya tana jin labari washegari. Yara 'yan 6 zuwa 12 suna bukatar barcin awa 9 zuwa 12, kuma a irin wannan dare ba wadda za ta samu. Tsaka-tsakin shi ne su zo da kayan barcinsu da filo, a shimfiɗa bargo a ƙasa, a kashe fitila a kalli fim da gugguru, ƙarfe tara iyaye su zo su ɗauke su.

To yaushe waje ya fi? Idan ɗakinku ba zai ɗauki yara shida ba, ko akwai jariri ko mara lafiya a gida, ko ƙawayenta na gaske uku ne kawai. Da yara uku ko huɗu, lissafin kai bai da zafi, musamman a ranar da ba ƙarshen mako ba, lokacin da wurare da dama ke rage farashi. Ana iya haɗa biyun ma: a fita wasa, a dawo gida a yanka kek, kin tsallake tsadar abincin can. Lambun shaƙatawa na jama'a shi ma mafita ne in gida ya yi kaɗan, ki ɗauki tabarma da kayan awarwaron ki tafi da su, sai dai ki tanadi inda za a koma in hadari ya taso.

Abin da zan ce ki yi a daren nan shi ne ki zaunar da ita ki faɗa mata gaskiyar abin da ke hannunki, daidai ruwa daidai tsaki. Ki ba ta zaɓi biyu da kin riga kin san za ki iya: ƙawaye uku a waje, ko bakwai a gida. Kada ki tambaye ta "me kike so?" a buɗe, za ta faɗi abin da ta gani a waya. In ta zaɓi gida, ki bar mata kala, waƙoƙi da sunayen baƙi. Ki yi ƙoƙari adadinsu har da ita ya zama mai rabuwa biyu, shida ko takwas, don kada a bar ɗaya ba abokiyar wasa. Gayyatar ki tura wa iyaye ta WhatsApp a cikin makon nan, ba a raba kati a aji gaban waɗanda ba a gayyata ba. Ki rubuta lokacin farawa da na tashi, awa biyu da rabi zuwa uku ya isa, da ranar da kike son jin amsa, kwana biyar kafin bikin. Sai kin ji adadin sannan ki shiga kasuwa.